Yadda Ake Jinya Bayan Tiyatar Dashen Haƙoran Baki Gaba Ɗaya

Na shafe shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyatar haƙori, kuma na raka mutane da dama tun daga ranar da aka cire musu ragowar haƙoransu aka dasa sababbi, har zuwa ranar da suka koma cin abinci kamar kowa. Abin da na lura da shi a tsawon wannan lokaci shi ne, akasarin matsalolin da ake dawo mana da su a gida suke faruwa, kuma sun fi yawa a daidai lokacin da ciwo ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke.

Ga abin da ake yi a taƙaice. Likita yana huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura sukurori na ƙarfen titaniyam, galibi 4 zuwa 6 a sama da kwatankwacin haka a ƙasa, sannan ya ɗora jerin haƙoran wucin gadi a kansu, sau da yawa a ranar ko washegari. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark ne ya gano cewa ƙashi yana girma ya manne da wannan ƙarfe, ya kuma fara dasa wa mutum shi a 1965. Mannewar tana ɗaukar wata 3 zuwa 6, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin kamawa saboda ƙashinsa ya fi tauri. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ya san cewa ganye kan yi kore shar alhali saiwa ba ta kama ƙasa ba, kuma idan akuya ta yi ta goga jiki da shi a wannan lokaci, ba zai yi ba. Haka dashen haƙori yake, don haka duk jinyar ta ta'allaƙa ne a kan hana shi motsi da hana ƙazanta shiga wurin.

Kayan da za a tanada kafin ranar tiyata

A sayi komai tun kafin ranar, domin wanda ya fito daga tiyata ba ya iya yawon kyamis.

- Auduga mai saƙa ta asibiti, wadda ake kira gos, a cikin ƙunshinta da ba a buɗe ba.
- Ledojin ruwan sha guda 4 zuwa 6 da aka daskarar, da ƙaramin tawul na naɗe su. Inda wuta ba ta zama, a yi magana da mai sayar da ƙanƙara a kuma ari kula.
- Matashin kai 2 ko 3, da tsohon zane da za a shimfiɗa a kansu saboda yawu mai jini.
- Gishirin girki, kofi mai tsabta, da ƙaramin cokalin shayi.
- Buroshi mai laushi ƙwarai. Idan ba a sami wanda ake yi don bayan tiyata ba, na ƙananan yara ya wadatar.
- Ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta irin su Corsodyl, idan likita ya rubuta.
- Magungunan da likita ya rubuta, da takarda da biro na rubuta lokacin da aka sha kowanne.
- Ma'aunin zafin jiki, man leɓe, ganyen shayi baƙi na cikin jaka irin na Lipton.
- Injin markaɗe. Idan babu, turmi da rariya mai ƙananan idanu suna yin aikin.

Sama da duka waɗannan, a sami mutum ɗaya mai hankali da zai raka majinyaci, ya dawo da shi gida, ya kuma kwana kusa da shi a dare 2 na farko. Wanda aka ba maganin sa barci ba ya tuƙi a ranar, kuma bai cika riƙe bayanin da aka yi masa ba, saboda haka mai rakiyar ne ya kamata ya saurari likita ya rubuta.

Mataki na 1: Shiri

Ka gaya wa likita duk maganin da kake sha, har da na gargajiya. Waɗanda suka fi muhimmanci su ne masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin, magungunan ciwon suga da hawan jini, da magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba wasu tsofaffi da masu ciwon daji. Kada ka dakatar da ko ɗaya da kanka. Likitan da ya rubuta maka shi ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa kafin tiyata, domin rauni ba ya warkewa da kyau idan suga yana sama.

Mai shan taba ko shisha ya daina tun makonni kafin ranar. Hayaƙin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin dasashi, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya ƙi kamawa.

A duba kalanda kuma. Ban ba kowa shawarar ya sa tiyatarsa gab da watan azumi, ko gab da tafiya aikin hajji, ko bikin 'ya'yansa ba, saboda makonnin farko suna buƙatar shan magani a kan lokaci, da yawan shan ruwa, da hutu. Masu zuwa Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai don wannan aiki, su tsara zama har a duba su bayan tiyata, kuma kada su baro asibitin sai sun karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin sukurorin, girmansu da wurin da aka dasa kowanne, tare da hotunan ƙashi. Kowane kamfani da irin makullin da ke kwance nasa sukurun, kuma na ga wanda ya dawo gida haƙoransa suka yi sako-sako, aka yi makonni ana neman sanin irin wanda aka sa masa.

Mataki na 2: Awa 24 na farko

Aikin wannan rana shi ne barin jini ya daskare a kan rauni, domin wannan gudan jinin ne murfin da sabon nama zai tsiro a ƙarƙashinsa. Ka cije audugar da aka sa maka a hankali na minti 30 zuwa 45 ba tare da magana ba. Idan an cire ta jini yana ci gaba da fita, a naɗe sabuwa, a ɗan jiƙa ta da ruwa mai tsabta don kada ta manne, a ɗora a daidai wurin a danna. In auduga ta ƙare, a jiƙa jakar ganyen shayi baƙi da ruwan sanyi, a matse, a ɗora; akwai sinadari a cikinsa da ke taimaka wa jini ya tsaya.

Yawu mai launin ja-ja na kwana 1 ko 2 ba abin tsoro ba ne, domin ɗigon jini kaɗan yana rina yawu mai yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan tofarwa. Mutum ya ji ɗanɗanon jini sai ya yi ta tofar da yawu da ƙarfi, kowace tofarwa kuma tana ɓalle gudan jinin, sai a koma gidan jiya. A haɗiye yawun, ko a sunkuya a bar shi ya zuba da kansa a goge da ƙyalle. Haka nan a wannan rana ba a kurkure baki, ba a zuƙar abin sha da siririn bututun roba, ba a shan abu mai zafi, kuma ba a kai harshe ko yatsa wurin ɗinki don a ji yadda yake.

Ka kwanta kanka yana sama da ƙirjinka a kan matasai, a rigingine, har tsawon dare 3 aƙalla.

Mataki na 3: Kumburi, ciwo da magani

A fara sa sanyi tun da aka iso gida: a naɗe ƙanƙara a tawul, a ɗora a kunci minti 20, a ɗauke minti 20, a riƙa sauya ɓangare. Kada a ɗora ƙanƙara tsirara a fata, musamman da yake fuskar ba ta jin taɓawa tukuna. Inda ba a sami ƙanƙara ba, tawul da aka tsoma a ruwan randa ya fi babu. Bayan kwana 2 sanyi ya gama amfaninsa, sai a koma tawul mai ɗumi.

Kumburi yana kai ƙololuwarsa ne a rana ta 2 zuwa ta 3, kuma ina so iyalai su san wannan, domin a nan hankali ke tashi. Majinyaci ya kwana lafiya a daren farko, a rana ta 3 a wayi gari fuska ta cika, ƙarƙashin ido ya tasa, wani lokaci har fata ta yi duhu-duhu zuwa wuya. Wannan tafiyarsa ce ta al'ada, daga nan kuma sai ya fara saɓewa. Wanda ke ƙaruwa bayan rana ta 4 shi ne ake kai wa likita.

Ka sha maganin ciwo na farko kafin allurar kashe zafi ta sake ka. Galibi ana ba da farasitamol da ibufurofen. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, kuma a lura cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki, don haka kada a haɗa. Ibufurofen ana shan sa ne bayan an sa wani abu a ciki, kuma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, asma ko mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita tukuna. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa a shanye shi har ƙwaya ta ƙarshe ko da an ji sauƙi. Idan ƙuraje ko ƙaiƙayi suka feso bayan an sha, a dakata a kira likita.

Akwai abin da nake roƙon dangi da masu zuwa dubiya su bari: kawo kanumfari, kanwa, toka, man zafi ko jiƙe-jiƙe a ce a cusa a wurin. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma na wanke bakin wata baiwar Allah da aka cusa wa dakakken kanumfari a kan ɗinki, dasashin ya ƙone ya yi fari fat, garin kuma ya shige ƙarƙashin haƙoran inda buroshi ba ya kaiwa.

Mataki na 4: Tsaftar baki

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi wanda aka tafasa ya huce. A guntsa, a karkatar da kai dama da hagu ruwan ya zagaya da kansa, sannan a buɗe baki ya zube. A yi haka bayan kowane cin abinci da kafin barci. Kada a cika gishiri da tunanin zai fi aiki. Ƙona nama kawai yake yi.

Idan an rubuta ruwan kurkure baki na asibiti, ana amfani da shi sau 2 a rana na mako 1 zuwa 2. Yana iya sa harshe da haƙora su yi duhu, ɗanɗano ya ɗan canza, amma wannan yana wucewa. A bar tazarar kamar minti 30 tsakaninsa da man goge baki, domin man yana rage masa ƙarfi.

Haƙoran wucin gadi ana goge su da buroshi mai laushi daga rana ta 2 ko ta 3, ana kauce wa layin ɗinki. Zaren ɗinki ko dai ya narke da kansa ko a cire shi cikin kwana 7 zuwa 14. Idan bakinsa ya saki yana lilo, kada a ja. Asuwaki da tsinken sakace a ajiye su gefe tukuna. Na'urar da ke fesa ruwa ƙarƙashin haƙora tana da amfani sosai daga baya, amma ba a kai ta kusa da rauni sai likita ya ce dasashi ya rufe.

Mataki na 5: Abinci

Nan ne jinya take yin kyau ko ta lalace, kuma nan ne aka fi samun gardama da majinyata.

A makon farko, abin sha kawai: koko, kunun gyaɗa da aka tace sosai, nono ko yogot, fura da aka dama ta yi ruwa-ruwa aka tace gaya, romon kaza ko na kifi da aka tace, markaɗaɗɗen ayaba, gwanda ko kankana. Komai ya huce zuwa ɗumi-ɗumi, kuma ba yaji. Kunun tsamiya, lemon tsami da zoɓo suna raɗaɗi a kan rauni, a jinkirta su. A ci da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana, a kuma sha ruwa sosai.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne a bar mutum da koko da shayi tsawon kwana 10, ya rame, jiri ya riƙa ɗibarsa. Nama da ƙashi ba sa ginuwa da kunu zalla. A zuba madara a kunun, a markaɗa kifi ko dafaffen wake da aka cire wa ɓawo a cikin romo, a dafa ƙwai ya yi laushi. Mai ciwon suga ya kula ƙwarai, domin abincin ruwa-ruwa na hatsi yana saurin ɗaga suga, rashin cin abinci tare da shan magani kuma yana faɗar da shi. Ya riƙa gwaji fiye da yadda ya saba.

Daga mako na 2 har zuwa lokacin da likita zai tabbatar ƙashi ya kama, ƙa'idar da nake koya wa kowa ita ce: duk abin da bayan cokali ba zai murƙushe shi cikin sauƙi ba, bai halatta ga bakinka ba. Alala, faten dankali ko na kabewa, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, taliya da ta dahu luguf, kifi marar ƙaya, ƙwai, niƙaƙƙen nama a miya, duk sun shiga. A yanka ƙanana, a kai su can ciki, kada a gatsa da haƙoran gaba. Dambu, kwaɗon zogale, riɗi da shinkafa mai warwara ba su da tauri, amma suna maƙalewa ƙarƙashin haƙoran, don haka a bar su sai ɗinki ya warke.

Waɗanda aka haramta gaba ɗaya a wannan zango su ne goro, kilishi, tsire, ganda, rake, aya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, ƙanzo, busasshen dabino, alewa mai danƙo, cingam da tauna ƙashi ko ƙanƙara. Goro ne ya fi ba mu wahala. Wani dattijo da na yi jinya ya bi komai daki-daki har mako 3, sai aka raba goro a wurin ɗaurin aure, ya ce ɓari ɗaya kawai ya gatsa. Haƙoran wucin gadin suka tsage, nauyi ya koma kan sukuru ɗaya, daga baya sai da aka cire shi aka jira ƙashi ya cike aka sake dasawa, watanni suka ƙaru a kan jinyarsa.

Mataki na 6: Alwala, salla da zirga-zirga

Kurkure baki da shaƙa ruwa sunna ne a alwala a mazhabar Malikiyya, don haka barinsu a ranar farko ba ya ɓata ta. Daga baya a yi su a hankali. Sunkuyar da kai yana sa wurin ya riƙa zogi har jini ya ɓalle a kwanakin farko, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune da nuni. Wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa.

A huta sosai kwana 3, a guji ɗaukar kaya, aikin gona, motsa jiki mai ƙarfi da doguwar tafiya a kan babur har mako 1 zuwa 2. Idan likita ya ƙara ƙashi a inda bai isa ya riƙe sukuru ba a muƙamuƙin sama, kusa da kogon da ke bayan kunci, to ba a fyace hanci na aƙalla mako 2, atishawa kuma a yi ta da baki buɗe. A lokacin hunturu da ƙura, a sa takunkumi a shafa man leɓe. Batun hawa jirgin sama bayan irin wannan ƙarin ƙashi, likitan ne zai faɗi rana.

Magana za ta canza na ɗan lokaci, haruffa irin su "s" da "ts" su riƙa fita da iska, yawu ya yi yawa. Karatu a bayyane na minti 10 zuwa 15 kowace rana yana sa harshe ya saba da wuri.

Mataki na 7: Daga mako na 2 zuwa wata na 3

A ranar tiyata, sukurun yana tsaye ne saboda matsewar da aka yi masa a cikin ƙashi, kamar ƙusa a katako. A makonnin da ke biyo baya jiki yana narkar da ƙashin da ke jikin ƙarfen don ya gina sabo, saboda haka tsakanin mako na 2 da na 4 riƙon farko ya ragu, na biyun kuma bai ƙarasa ba. Wannan ne lokacin da dashe ya fi rauni, kuma shi ne lokacin da kumburi ya tafi, ciwo ya ɗauke, mutum ya dubi madubi ya ga haƙora reras ya fara marmarin nama. Dokar abinci ba ta sassautawa don ka ji daɗin bakinka. Hoton ƙashi da gwajin likita ne suke sassauta ta.

Ka je duk ranakun da aka ba ka, ko da ba abin da ke damunka. Yayin da kumburi ke saɓewa, rata za ta bayyana tsakanin dasashi da haƙoran, abinci ya riƙa shiga. Za a nuna maka yadda ake zura zare na musamman ko ɗan siririn buroshi ta ƙarƙashi. Idan ka ji wani ɓangare yana riga ɗayan haɗuwa in ka rufe baki, ko ka ji ƙas-ƙas, ko haƙoran suna motsi, ka koma a ranar. Sau da yawa ƙaramin sukurun da ke riƙe haƙoran ne ya saki, aikin 'yan mintuna, amma in aka bar shi yana jijjiga dashen da ke ƙasa. Kada a kai wa mai haƙorin kasuwa, kada kuma a sa gam. Mai cizon haƙora cikin barci ya faɗa, a yi masa robar kariya ta dare.

Mataki na 8: Alamomin da ba a kwana da su

A kira likita ko a tafi asibiti nan take idan jini ja-wur yana cika baki bayan an danna na awa ɗaya. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 ko ya wuce. Idan ciwo ko kumburi ya ƙaru bayan rana ta 4. Idan mugunya ko wari mai ƙarfi na fita. Ko idan ruwan da aka sha yana fitowa ta hanci. Leɓen ƙasa ko haɓa da suka kwana ba sa jin taɓawa bayan allura ta sake, a sanar da likita washegari, domin akwai jijiya da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa, kuma an fi iya ceto ta idan an duba da wuri. Wahalar numfashi ko haɗiya, ko kumburin da ke gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, wannan na sashen gaggawa ne na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Mataki na 9: Haƙoran dindindin

Bayan wata 3 zuwa 6, idan ƙashi ya kama, za a auna baki a haɗa haƙoran dindindin. A koma abinci mai tauri sannu a hankali cikin makonni, domin dashe ba shi da jijiyoyin da ke gaya wa haƙorin asali cewa cizo ya yi ƙarfi, mutum kan tauna da ƙarfin da bai sani ba. Buɗe kwalba, fasa ƙashi da ɓare rake da haƙori an yi ban kwana da su.

Waɗannan haƙora ba sa ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da su suna kamuwa da cuta idan datti ya taru, kuma cutar kan ci ƙashi ba tare da ciwo ba. A goge baki sau 2 a rana, a tsaftace ƙarƙashin haƙoran kowane dare, a kuma je asibiti duk wata 6 a duba a wanke. Gawayi, toka da gishiri busasshe suna kankare fuskar haƙoran, a bar su. Mai son komawa ga asuwaki ya tafi da shi asibiti a ziyararsa ta farko, a nuna masa inda zai goga da inda zai kauce wa.